Kada Ku Rufe Mini Yaya a Ɗaki Mai Tayil

Zuwa ga takwarata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar da babu tsiya a cikinta, ki adana ta da kyau domin ba kullum za ki samu irinta a wurina ba. Allah ya sauke ku unguwar Bacirawa a birni lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya, ya sa direban ya tuna cewa mutane ya ɗauko ba buhunan gero ba.

Na san da kin buɗe takardar nan za ki fara dariyar rubutuna. Yi abinki. Iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa hira muka sha a bayan aji. Amma na gwammace in sha wahalar biro da in zaunar da ke in yi ta magana, kina "to Iya, to Iya" idonki yana kan waya. Sunana aka ba ki, ba a haɗa miki da kunnena ba.

Ga maganar. Baffanki Sani ya gama gininsa, ya zo ɗaukar mahaifiyarsa, Yayata Ladi, wadda kuke kira Iya Babba, bayan shekarun da ta yi a gidan nan tun rasuwar mijinta. Ke kuma za ki bi su, ki koyi ɗinkinki, ki riƙa duba ta idan matarsa Maryam ta tafi koyarwa. Ban hana ba, ba ni ma da hurumin hanawa. Uwarsa ce, kuma can asibiti ya fi kusa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin da ya nuna mini a wayarsa. Tayil har bango, fanka, talabijin, banɗaki a ciki. Ya ce mini, yana murna, ba sai ta riƙa fitowa ba sam. Yaron kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ni na taɓa ganin abin da ɗaki ya yi wa Yaya, kuma idan aka sake, ba na jin za mu kuma samo ta. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Lokacin da abin ya fara kina makarantar kwana, ba ki ga farkonsa ba. Gishiri a kunu, neman mayafi yana kanta, tambaya ɗaya ta yi miki ita har ki ji kamar ki bar garin. Masu cewa iska ce suka ce, masu cewa sammu ne suka ce, muka yi hayaƙi har kajin gidan suka fara tari. A ƙarshe muka ɗora ta a babur zuwa asibiti a Makoda. Ma'aikaciyar ta ce gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar kowane ciwo, ba ya komawa baya, amma kada a bar ta ita kaɗai, a riƙa zama da ita ana hira. Mu kuwa muka ɗauki rabin farko na maganar muka taho da shi, muka bar mata rabi na biyu a kan teburinta.

Da girmamawa muka fara cutar ta. Ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta jawo faifai za ta tsince wake, a ce haba Iya Babba, ga yara, ki huta. Matar da ta yi rayuwarta hannunta bai taɓa zama banza ba, muka mayar da ita kamar tukunyar ado. Sai wata rana surukan maƙwabta suka shigo gaisuwa, ta tare su ta yi musu ta'aziyya, alhali babu wanda ya mutu. Kunya ta kama mu. Muka ce gara a rufa mata asiri, muka gyara ɗakin baya na kusa da rumbu, muka shimfiɗa mata sabuwar katifa. Abinci a kai mata, ruwa a kai mata, baƙi su zo a ce tana barci. Damina guda ta yi a nan.

Ummi, kafin a yanke gero Yaya ta daina magana sai an matsa mata. Ta manta hanyar makewayi. Ni da ta goya a bayanta, ta fara ce mini baiwar Allah. Muka ce ciwo ne yake ƙaruwa, haka aka faɗa mana. Ciwon yana nan, ban musa ba, amma mu muka taya shi aiki. Don haka ki riƙe wannan: duk aikin da ta miƙa wa hannu, in dai ba wuta ba ce ko wuƙa, ki bar mata. Ko ta tsince waken ta mayar da tsakuwar ciki, ki bari ta gama, ki sake tsincewa a bayan idonta. Kuma kada ki ɓoye ta don baƙi. Wanda ba zai iya jure ta'aziyyar kuskure daga bakin tsohuwa ba, ya sha ruwa ya koma gidansu.

Yanzu ga abin da nake so ki buɗe kunne sosai, domin ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Uwarki tana kiran yayanku da sunansa tsirara, har ta rungume shi a gaban mutane. Mu ba haka muka tashi ba. Sani ɗan fari ne, kada sunan ya ruɗe ki. Tun da Yaya ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba. A hannun kakarsa ya girma. Idan ya shigo, sai ta ja mayafi ta juya gefe, ta ce a ba yaron nan ruwa. Wannan ita ce kunyar ɗan fari. Ba ƙiyayya ba ce, kada ki yi mata wannan fassarar. Na sha ganin ta ɓoye masa tsokar nama a ƙasan kwano ta ba ni in kai, ta gargaɗe ni kada in ce daga ita ne.

To, tana ɗakin baya Sani ya zo daga birni. Ya shiga gaishe ta. Ina daga bakin ƙofa sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Ta dube shi ido cikin ido, ta ce ya matso ya zauna kusa da ita. Ta tambaye shi hanya, ta tsokane shi da tumbinsa, ta ɓallo masa goro. Suka jima suna hira da dariya. Ya fito idonsa ya kawo ruwa, babban mutum mai furfura a gemu, ya ce mini, "Iya, yau Inna ta yi hira da ni."

Da ya tafi na shiga na tambaye ta wane ne ya fita. Ta ce, "Wani mai kirki ne. Ina jin mai sayen gyaɗa ne."

Kin gane ko? Ranar da ya fi murna a rayuwarsa ita ce ranar da uwarsa ta rasa shi. Shi a tunaninsa shiru da hutu ne suka sanyaya mata rai har ta sake da shi, kuma ina ganin wannan hirar ce yake nema ya dawo da ita da ya gina ɗakin nan. Na gaya masa gaskiya daga baya. Ya yi murmushi ya ce Iya kin cika labari. Ban ga laifinsa ba. Ni ce na taɓa shaida masa yana yaro cewa kura ta zo aron turmi a gidanmu, ya yi mako ba ya fita fitsari shi kaɗai. Wanda ya saba jin irin wannan a bakinka, ranar da ka zo da gaskiya sai ya nemi inda dariyar take.

Fitowar Yaya daga ɗakin baya ba dabarata ba ce, kada in yi miki ƙarya yau ɗaya. Ruwan ƙarshen damina ne ya ɓarke rufin. Muka fito da ita ƙarƙashin darbejiya kafin a gyara, ranar kuwa an baje gyaɗa ana ɓarewa. Ga Talatu, ga Mairo mai ƙosai, ga sauran matan layi, bakin kowa yana tafiya fiye da hannunsa. Babu wanda ya kula ta. Can sai na ga hannu ya shiga cikin kwarya. Hannun Yaya ne. Ta ɗauko, ta matsa, ta watsar da ɓawon, ta kuma ɗaukowa, da saurin da ko Mairo ba ta kai ba. Na yi kamar ban gani ba.

Talatu tana ba da labarin wani aure na da, ta ce amaryar 'yar gidan maƙera ce. Yaya ba ta ko ɗago kai ba ta ce ƙarya ne, 'yar gidan masaƙa ce, ita ta yi mata lalle. Sai ta juyo ta dubi gyaɗar da ke gabana, ta ce, "Abu, har yanzu ba ki iya ba. Rabi kike fasawa." An sha zagina a duniya, ke ma kina cikin masu yi a ɓoye, amma ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Ta kira sunana.

Daga ranar ba ta koma ɗakin baya ba. Ba wai ta warke ba, kada ki sa wa ranki haka. Har gobe akwai ranar da za ta tashi babu kowa a idonta. Amma magana ta dawo, ci ya dawo, tsiya ta dawo, kuma wani abin da ban zata ba ya faru. Mun ɗauka kan nan ya rufe, tsohon kaya kawai yake zubarwa, sabo ba ya shiga. Sai ga Hindatu, amaryar maƙwabcinmu da aka kawo daga Bagwai bayan ciwon ya yi nisa. Yarinyar ba ta san Yaya ta da ba, ba ta da wani abin da za ta yi baƙin ciki a kai. Kullum da hantsi sai ta yi sallama, ta ce Hindatu ce ta gidan Malam Audu, ta zauna a gefe ɗaya, ta zube zogalenta su gyara tare, tana ba ta labarin garinsu. Kafin mu ankara Yaya ta fara tambaya ina 'yar Bagwai, yau ba ta shigo ba. Sabuwar fuska, sabon suna, sun samu wurin zama.

Ni kuwa a daidai lokacin ina fama da ita a kan sabon makewayin da aka gina. Na mayar da kaina malamar aji. In kama hannunta in nuna, in ce maimaita, ina ne? Ta ce can. In dawo bayan ɗan lokaci, babu komai, sai haushin da ta ji da wanda na ji. Ka san yadda ta koya? Na ce ka, kin ga tsufa ni ma yana leƙo ni. Mairo ce take jan ta idan lokacin alwala ya yi, suna tafe suna gulmar surukar Mairo. Ƙafa ta haddace hanya baki yana can yana aikinsa. Abin da na fahimta ke nan: abin da ya shigo mata tare da mutum, da hira, da dariya, ya fi zama. Wanda ya shigo da darasi ko ƙofa ba ya wucewa. Saboda haka sabon gidan nan, kada ki tsaya kina nuna mata nan ne kaza, can ne kaza. Ki tafi da ita kuna hira, yau da gobe, lokaci ɗaya, hanya ɗaya.

Kuma don Allah ki hana mutane yi mata jarrabawa. Kin san halinmu, mutum ya shigo ya tsuguna a gabanta ya ce Iya kin gane ni, wane ne ni? Ni ma na yi, har ina kiran mutane su zo su ga yau ta gane. Ki kalli idonta a lokacin, za ki ga tsoro, kamar wadda aka tsayar a gaban alƙali. Daga nan sai ta yi shiru wuni guda. Duk wanda zai shiga, ki raɗa masa ya faɗi sunansa da na gidansu tun daga sallama, ya wuce kai tsaye zuwa hira. In ta kira shi da sunan wani, ya amsa. Babu wanda ya taɓa ramewa don an kira shi Garba.

Wani wuce gona da irin da na yi, tun da na ga mutane magani ne sai na ce bari in ƙara mata awo. Na yi mata kwalliya na kai ta suna a unguwar gabas, taro ya cika, lasifika tana ihu, kowa yana jan hannunta. Ta riƙe zanina tana cewa a kai ta gida wurin innarmu, innar da ta rasu tun kafin a haifi ubanki. Kwanaki ta yi ba ta dawo daidai ba. Ashe ba yawa ake nema ba. Mutum biyu ko uku da ta saba gani, wurin zama sananne, aiki a hannu, murya a ƙasa. Bacirawa akwai biki kamar me, na sani, ke kuma ƙafarki ba ta zama. Ki je abinki, ita ki bar ta da wanda ta sani.

Za ta tambaye ki ko Malam ya dawo daga gona, wato mijinta. Da farko nakan ce mata ai ya rasu, sai ta fashe da kuka sabo fil, kamar yanzu aka fita da shi. Ban ce ki yi mata ƙarya ba. Ki tambaye ta wace miya ya fi so, ko yadda ya yi da jakinsa mai taurin kai. Za ta ba ki labari har ta manta ta yi tambaya, ke kuma ki samu abin dariya kyauta.

To, bari in ƙarasa miki zancen Baffanki. Bayan ta koma cikin mutane ya sake zuwa. Muna zaune a tsakar gida ya yi sallama. Tana jin muryarsa ta ja mayafi, ta juya wa bango fuska, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ba ku ga yaron nan ya sha hanya ba? A ba shi ruwa mana." Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Shi kuwa fuskarsa ta faɗi, ya ce jikin ya ƙara tsanani, hayaniyar ƙauye ta yi mata yawa. Daga nan maganar ɗauke ta ta taso.

Ga ma'auninki nan, wanda babu likitan da zai ba ki. Muddin Baffanki ya shigo ta kawar da kai, to tana tare da ku, ta san ɗanta. Ranar da kika ga ta tare shi da fara'a tana jan sa da hira, kada ki taya shi murna. Ki buɗe ƙofa, ki nemo mutane, ki kira ni.

Kada ki yi gardama da shi, ubanki ne, kuma gidansa ne. Ɗakin ta kwana a ciki, ta sha fankarta. Amma da gari ya waye ki fito da tabarmarta inda ake girki, inda ake wanki, inda ƙafa take wucewa. Talabijin ba abokin zama ba ne. Ta taɓa gaida mai karanta labarai a gidan Talatu, da bai amsa ba ta ce ba a yi masa tarbiyya ba, ta wuni tana fushi. An ce mini gidajen can kowa da katangarsa mai tsawo da get na ƙarfe, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Ban yarda ba. Duk unguwar da ke da gidaje tana da tsohuwar da aka kawo daga ƙauye tana zaune tana ƙirga ƙudaje. Ki shiga gida-gida ki yi sallama, ki ce kun zo da tsohuwa mai son hira. Bakin da kike yi mini rashin kunya da shi, ga inda zai yi amfani. Idan kin fara kawo ɗinki gida ki zauna kusa da ita, ki ba ta zare ta warware, ki tambaye ta ko launin ya dace. Za ta ce bai dace ba. Haka take tun muna yara.

Shi kuma Baffanki, ki roƙe shi idan ya dawo daga kasuwa ya zauna inda za ta ji muryarsa, ya yi hirarsa da ke ko da Maryam. Tana ji. Ta bayan mayafin nan babu abin da yake wuce ta. Idan ya tashi za ta tambaye ki ko ya ci abinci, ko ya rame, ko tarin nan nasa ya tafi. Ki kwashe duka ki kai masa yadda ta faɗa, kada ki ƙara gishiri irin nawa. Ni bai yarda da ni ba. Ke ba ki taɓa haɗa shi da kura ba, zai ji naki.

Saura magana ɗaya, ita ce na fi jinkirin rubutawa. Na lura sunan da yake zama a kan Yaya shi ne na wanda take gani kullum. Daga gobe ni ba ta kullum ba ce. Ina sa ran zuwa bayan an gama kaka, kuma mai yiwuwa in yi sallama ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. In haka ta faru kada ki ruɗe, kada ki hau ce mata ga Abu, ƙanwarki ce, ki tuna mana. Na riga na yi wannan kukan a nan, na gama, ba sai na zo da shi gidan mutane ba. Abin da zan duba shi ne wa zan tarar a gefenta. In na samu wata tsohuwar Bacirawa da ban sani ba suna musu a kan yadda ake kaɗa miyar kuka, Yaya tana kiran ta da suna, to kin yi aikinki, kin fita kunyata. Ni zan nemi wuri in zauna kamar baƙuwa, mu fara sanin juna daga farko. Ba na tsoro. Da bakin nan nawa, kafin la'asar ta ce a bar mata ni in kwana.

Allah ya kai ku lafiya, ya zaunar da ku lafiya. Ya ba Yaya sauƙi da abokan zama na gari, ya saka wa Sani da alheri, ya ba Maryam haƙuri da ku biyun. Ke kuma ya tsare ki a fita da shiga, ya yi wa hannunki albarka, ya sa rigar farko da za ki ɗinka mini ta shiga wuya. Ki kula da sallarki a kan lokaci.

Wassalam.

Kakarki,
Iya Abu